Waya ta ce ta cika: me za a goge, me za a bari?

 

Kun saba ganina a gefen Madam, jami'ar kariya, tana magana da Faransanci ina juya muku da Hausa. Yau ta ce in yi maganar da bakina, domin abin da ya tara mu yana cikin aljihun yawancinmu. Maganar waya ce, musamman tsofaffin wayoyin nan na shafawa, su Itel da Tecno da Infinix, waɗanda suka tsallako iyaka tare da mu.

Wani zai ce me ya haɗa ofishin kariya da gyaran waya. Ga abin da ya haɗa su. Da wuya mako ya wuce ba a sami wanda ya zo ofis an tambaye shi wata takarda ba, ya ce tana cikin waya. Sai a zauna ana ta shafawa sama da ƙasa, layi yana ƙara tsawo a waje, takarda ba ta fito ba. Wani lokaci tana nan, ba a san inda ta shige ba ne. Wani lokaci kuma ta tafi, domin waya ta yi ta kukan ta cika, aka miƙa wa yaro ya rage kaya, yaro ya share har da hoton takardar rajistar iyali, da katin rigakafin jariri, da takardar haihuwar da dangi suka turo daga Isa ko Sabon Birni ko Jibiya. Fim ɗin da aka riga aka kalla sau biyar kuwa yana nan daram. Saboda haka abin da nake roƙo a riƙe daga zaman nan shi ne: kada a goge komai sai an san inda takardu suke, an kuma kawar da su gefe.

Bari mu fara da fahimtar abin da wayar take nufi idan ta ce ta cika. Waya tana da wuri iri biyu, kuma duka biyun mutane suna kiransu memori. Akwai rumbu, inda ake zuba kaya su zauna: hotuna, bidiyo, karatu, waƙoƙi, takardu. Akwai kuma tabarmar da wayar take shimfiɗawa tana aiki a kai, wadda masu gyara suke kira ram. Idan waya tana nauyi ko tana sandarewa, sau da yawa tabarmar ce ta cunkushe, kuma kashe wayar a sake kunnawa yakan kaɗe ta. Amma idan ta ƙi ɗaukar hoto, ta ƙi sauke saƙon murya, ko WhatsApp ya ƙi buɗewa yana cewa babu wuri, to rumbu ne ya cika. Wayoyin da yawancinmu muke riƙe da su giga 8 ne ko 16, wanda ya samu 32 ya yi sa'a. Daga ciki ma wayar da kanta ta cinye kaso mai yawa tun kafin a fitar da ita daga kwali. Giga ɗaya mega dubu ne, kusan. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

To, ina abin da aka sauke yake tafiya? A kowace waya irin tamu akwai wata manhaja mai hoton jakar takardu, galibi ruwan ɗorawa ko shuɗiya. Idan wayar da Turanci take za a ga an rubuta "Files" ko "File Manager" a ƙarƙashinta. Idan an sayo ta nan ne kuma tana Faransanci, za a ga "Fichiers" ko "Gestionnaire de fichiers". Wanda ba ya karanta boko ya nemi hoton jakar kawai. In an buɗe, a nemi kibiya mai kallon ƙasa. Sunanta "Download" ko "Téléchargements". Duk abin da aka sauko da shi daga intanet ta Chrome, ko daga imel, nan yake faɗawa, kuma yawanci na baya-bayan nan shi ne a sama. Masu amfani da Opera Mini ko Phoenix su buɗe manhajar kanta, su nemi wannan kibiyar a cikinta, domin wani lokaci tana da jakarta daban.

Sai dai yawancin takardunmu ba ta wannan hanya suke zuwa ba. Ta WhatsApp suke zuwa, shi kuwa WhatsApp ba ya zuba kayansa a jakar kibiya. Nan ne mutane suke rikicewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a tuna wanda ya turo. A buɗe hirarku da shi, a taɓa sunansa can sama, za a ga jerin hotuna da takardun da kuka taɓa aika wa juna, a jere bisa wata-wata. Ba sai an yi ta jan hira ta shekara guda ba. Idan kuma an manta wanda ya turo, a koma jakar takardu, a nemi jakar da aka rubuta wa WhatsApp, a shiga "Media". Nan za a tarar hotuna a ɗakinsu, bidiyo a nasu, takardu a nasu, saƙonnin murya a nasu. A wayoyin da suka ɗan fi sabunta an tura wannan jaka can ciki, sai an bi ta jakar "Android" sannan "media" kafin a iske ta.

Ga wata dabara da samarinmu masu karatu za su taimaka wa iyaye da ita. Duk hoton da ya zo ta WhatsApp yana da suna mai lambobi, kuma lambobin kwanan wata ne. In ka ga IMG-20240312, ma'anarsa shekarar 2024, wata na 3, rana ta 12. Idan Inna ta ce takardar ta zo ne ana saura kwana kaɗan a fara azumi, ko bayan an yi girbi, to an riga an rage nema.

An same ta? Madalla. Kada a bar ta a nan. A cikin jakar takardu akwai ɗigo uku a kusurwar sama, ta nan ake buɗe sabuwar jaka. A buɗe ɗaya a sa mata suna da manyan baƙaƙe, TAKARDU, ko KADA A TAƁA. A kwafe komai zuwa ciki: takardar shaidar rajista, katin asibiti, katin rigakafin yara, takardun makaranta, takardar aure in akwai, katin ɗan ƙasa na gida. A canza wa kowanne suna yadda za a gane shi. Duka-dukansu in an haɗa da wuya su kai nauyin bidiyo ɗaya na minti biyar. Hoton takarda da ya zo ta WhatsApp ko mega ɗaya ba ya cika kaiwa. Ba su ne suka cika muku waya ba, kuma goge su ba zai ƙara muku wurin a zo a gani ba.

Bayan haka a sami kwafi na biyu a wajen wayar, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, tana mutuwa ba sallama. A tura wa mutum ɗaya da aka amince da shi ƙwarai, ɗa ko 'ya ko ɗan'uwa na jini. Ban ce a tura cikin guruf ba. Takardar rajista tana ɗauke da sunayen 'ya'yanka da lambar iyalinka, ba abin yawo ba ce. Mai adireshin Gmail wanda bai manta lambar sirrinsa ba yana da giga 15 kyauta a wajen Google, yana iya ajiye su can. In ƙara da cewa hoto ba ya maye gurbin takardar asali. Ta asalin a naɗe ta cikin leda a adana, kamar yadda ake yi tun farko. Amfanin hoton shi ne ranar da ta asalin ta ɓata ko ta jiƙe, lambar da ke jiki za ta sauƙaƙa neman bayananka.

Yanzu mu zo kan ɓarayin wuri. Na farkonsu bidiyon guruf. Kowannenmu yana cikin guruf na 'yan garinsu, da na dangi, da na masallaci, da na unguwa. Bidiyo ɗaya sai ya shigo ta guruf huɗu, waya ta ajiye shi, in ka tura wa wani ma wani lokaci ta sake ajiye kwafi. Ga hotunan barka da Juma'a masu furanni, kowane mako. Ba na raina gaisuwa, amma wadda aka yi bara ta riga ta isa. Ku ɗauka kowane bidiyo mega 20 ne. Guda 50 sun cinye giga ɗaya. A guruf mai yawan surutu wannan aikin mako biyu ne.

WhatsApp da kansa ya tanadi wurin shara. A taɓa ɗigo uku na sama, a shiga saiti, a nemi "Storage and data", da Faransanci "Stockage et données", sannan a taɓa layin farko na ciki. Zai nuna abubuwan da suka wuce mega 5, da waɗanda aka yi ta turawa hannu-hannu, sannan ya jera gurufofi da mutane daga wanda ya fi cin wuri zuwa ƙasa. A fara da na sama. A duba kafin a goge, ɗaya bayan ɗaya. Kada a danna maɓallin zaɓar duka don gaggawa. A cikin tarin nan ne ake samun bidiyon sunan jika, ko hoton wanda ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Akwai iyalai a nan da ba su fito da komai na mahaifinsu ba sai muryarsa a saƙon minti ɗaya. Irin wannan a kwafe shi zuwa jakar da muka buɗe, tare da takardu.

A wannan shafin dai, in an ɗan sauka ƙasa, akwai inda ake hana waya sauke hoto da bidiyo da kanta. A cire alamar da ke kan bidiyo, da sauti, har da hotuna in an ga dama. Daga nan ba abin da zai shigo sai wanda ka taɓa da yatsanka. Saƙon murya shi zai ci gaba da shigowa kamar kullum, kada a damu. Wannan gyara ɗaya yana ceton wuri, yana kuma ceton data, wadda kun fi ni sanin tsadarta.

Ɓarawo na biyu Xender ne. Fina-finan Hausa, fina-finan Indiya masu fassara, wasan kokawa, duk suna taruwa a jakar Xender, kuma fim ɗaya yana iya cin abin da hotunan takardu ɗari da yawa ba su ci ba. Wanda aka kalla a sallame shi, yana wayar maƙwabci in an so a sake. Karatun Alƙur'ani da tafsiri da ake saurare kullum a mayar da su kan katin memori.

Tunda na ambaci katin memori, abu biyu. In an sa sabon kati, wasu wayoyi sukan tambaya ko a haɗe shi da cikin waya ya zama ɗaya, ko a bar shi na cirewa. Ku zaɓi na cirewa. In aka haɗe shi, wayar takan kulle shi da kanta, ranar da ta mutu ba wata wayar da za ta iya karanta shi. Na biyu, idan kati yana da kaya a ciki kuma waya ta nemi a yi masa fomat, a ce a'a, a cire shi a kawo a duba. Fomat shara ce ta ƙarƙaf. Sannan akwai katunan jabu a kasuwa, an rubuta musu giga mai yawa a jiki, kuɗinsu kuma arha kamar kyauta. Sukan karɓi kaya kamar gaske, ran da aka zo buɗewa a tarar hotuna sun lalace. Kada kati ya zama shi kaɗai ne ma'ajiyar takardunku.

Yanzu ina roƙon a ba ni kunne sosai, har masu hira a baya, domin wannan ne wurin da aka fi yin asara. Idan an shiga saitin waya, wato hoton nan mai kama da haƙoran giyar keke, aka shiga jerin manhajoji, aka taɓa ɗaya, za a ga maɓalli biyu kusa da juna. Ɗaya an rubuta "Clear cache", ko "Vider le cache". Ɗayan an rubuta "Clear data" ko "Clear storage", da Faransanci "Effacer les données". Sun yi kama, amma tsakaninsu akwai nisa. Na farko ƙaiƙayi yake sharewa, tarkacen da Facebook da TikTok da Chrome suke tarawa suna kumbura. A share shi ko kowane mako, ba abin da zai ɓata. Na biyun yana mayar da manhaja kamar yau aka saka ta. Sunanka, hirarka, shigarka, duk sun tafi.

Ga dalilin da ya sa wannan ya fi yi mana haɗari fiye da mutanen gari. Da yawanmu WhatsApp ɗinmu yana kan lambar Najeriya, ta MTN ko Glo ko Airtel ta can, alhali layin ya daɗe da ɓata, ko an rufe shi, ko ba ya samun sabis a nan. WhatsApp yana ci gaba da aiki a haka da datar layin nan, shi ya sa ba a lura. Amma ranar da aka danna wancan maɓalli na biyu, ko aka cire WhatsApp don a sake sakawa, zai nemi lambobi shida da zai aika zuwa tsohon layin. Layin kuwa babu. Shi ke nan an rufe ƙofa. 'Yan'uwan da suka watsu, wani a Sakkwato, wani a Kano, wani a Agadas, wannan lambar kaɗai suka sani. Har wanda ake nema tun ranar gudu, in Allah ya sa ya sami waya, ita zai fara nema.

Maganin wannan yana nan cikin WhatsApp, kuma a yi shi tun ƙofa tana buɗe. A shiga saiti, a shiga "Account" ko "Compte", a nemi wurin canza lamba. A rubuta tsohuwar, a rubuta sabuwar ta nan wadda take hannunka, Airtel ce ko Moov ko Zamani. Lambobi shidan sabon layin za a aiko wa. Hirarka da gurufofinka suna nan ba abin da zai taɓa su, kuma zai tambaye ka ko a sanar da mutanenka cewa ka canza lamba. Ka ce a sanar. Lambobi shidan nan kuma ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga ofishinmu yake. Ba ma tambayar su.

Wannan ya kawo ni kan masu caji da masu gyara. 'Ya'yanmu ne, suna neman halaliyarsu, kuma da yawansu suna da amana. Amma in ka ce wa mai gyara waya ta cika, hanya mafi sauri a wajensa ita ce ya wanke ta gaba ɗaya, abin da suke kira filashin ko fomat. Za ta dawo da sauri kamar sabuwa, babu ko lamba ɗaya a ciki. Kada a yarda a wanke waya sai an kwashe kaya an kuma tabbatar layin WhatsApp yana hannu. In za a bar waya a wurin caji, a sa mata makulli, a zare katin memori a tafi da shi. Iyayenmu mata, wannan ya fi shafar ku, domin ku kuka fi aiken yara da waya. In za a rage kaya, a zauna tare da yaron, ya nuna miki kowane abu kafin ya goge. Wayarki ce, kina da ikon cewa a bar wannan.

Manhajojin share waya da suke tallar za su ƙara gudu, ni dai ban ga amfanin ƙara su ba. Su ma wuri suke ci, ga talla ba iyaka. Wadda ta zo da wayar ta isa, ita ma a karanta abin da ta zaɓa kafin a amince mata. Wasannin da yara suka saka a cire. Mai Facebook babba ya koma Facebook Lite. Idan kuma an ga wani abu a jakar kibiya da sunansa ya ƙare da apk, wanda aka turo aka ce a saka don samun tallafi ko a shiga jerin masu tafiya ƙasar waje, a goge shi ba tare da an buɗe ba. Hidimar hukumar kula da 'yan gudun hijira kyauta ce, kuma ba a rajistar komai ta hanyar saƙon da ake yaɗawa a guruf.

Wani zai goge kaya da yawa ya ga wuri bai ƙaru ba. Dalili shi ne wasu wayoyin suna da kwandon shara a cikin ma'ajiyar hotuna, abin da aka goge yakan zauna can kamar kwana 30 kafin ya tafi. Sai an zubar da kwandon wuri yake fitowa. Alherinsa kuma, in an goge abu bisa kuskure, a duba can da wuri. Tsofaffin wayoyi da yawa ba su da kwandon, abin da ya tafi ya tafi.

Saura magana ɗaya mai nauyi, Madam ta ce kada in tsallake ta. Bidiyon hare-hare da gawarwaki da ake turowa daga gida. Na san dalilin da ya sa ake kallo, kowa yana duba ko zai gane wani nasa ko garinsu. Amma wayoyin nan yara suna ɗauka, kuma yaran nan sun riga sun ga abin da ya ishe su. Ga shi kuma irin wannan bidiyo a waya yana iya jawo wa mutum dogayen tambayoyi a shingen bincike, alhali turo masa kawai aka yi. Shawarata a goge. Amma idan abin da ke wayarka shaida ce ta abin da aka yi maka kai da kanka ko iyalinka, hoton gidanka da aka ƙona, ko rauni, ko saƙon barazana da wani yake turo miki, wannan kada a goge. A zo ofishin kariya a nemi ganin Madam a keɓe. Mace in ta fi son mace ta yi mata tafinta, ta faɗa, za a samo.

In an tashi daga nan zan zauna a rumfar da ke gefen ofis har zuwa la'asar, tare da matasa biyu da 'yan mata biyu daga cikin masu aikin sa kai. Mai son a buɗe masa jakar takardu ko a canza masa lambar WhatsApp ya zo da wayarsa da caji a ciki, da layin da yake amfani da shi yanzu. Wayar za ta zauna a hannun mai ita, mu nuni kawai za mu yi. Dattawa da masu goyo su za a fara gani.